Sojan da Ba a Sani Ba: Wa Ya Hana a San Shi?

Duk shekara, idan ranar 15 ga watan Janairu ta zagayo, akan share farfajiyar da ke daura da Dandalin Eagle a Abuja, a jera dakaru cikin kaki mai sheƙi, a busa begila, a harba igwa sau 21. Shugaban Ƙasa ya tako sannu a hankali ya ajiye furanni a gindin mutum-mutumin sojan da aka ce ba a san shi ba, mataimakinsa ya biyo baya, shugabannin majalisa da manyan hafsoshi su biyo, sa'an nan a buɗe keji a saki fararen tattabaru. A manyan biranen jihohi kuma gwamnoni su kwaikwayi abin da aka yi a Abuja. Kafin azahar an watse, kowa ya kama gabansa, sai kuma baɗi. Wannan ita ce Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya. A bikin shekarar 2021 tattabarun ma ƙin tashi suka yi bayan an buɗe musu keji, jama'a suka yi ta raha a kai kwana da kwanaki. Mu kam a ganinmu tsuntsayen nan sun fi mahalarta bikin gaskiya, domin sun ƙi shiga abin da bai kai zuci ba.

Ya kamata mai karatu ya san inda aka samo wannan al'ada ta sojan da ba a sani ba. Ingila da Faransa ne suka fara ta ranar 11 ga Nuwamba, 1920, bayan Yaƙin Duniya na Farko. A wancan yaƙi igwa ta ragargaza dubun-dubatar mutane har ba a iya bambance gawar wannan da ta wancan, saboda haka aka ɗauko gawa guda wadda ba a gane mai ita ba aka binne ta da girma irin na sarakuna, domin duk uwar da ba ta ga gawar ɗanta ba ta sami inda za ta tsaya ta yi kuka. Amma fa waɗannan ƙasashe ba su tsaya nan ba. Da wuya ka shiga ƙauye a Faransa ko Ingila ba ka tarar da dutsen da aka sassaƙa sunayen 'ya'yan ƙauyen da suka faɗi a yaƙin ba, ɗaya bayan ɗaya. A wurinsu sojan da ba a sani ba shi ne wanda aka yi iyakar ƙoƙari aka kasa ganewa. Mu kuwa da muka ari al'adar, sai muka ɗauki mutum-mutumin muka bar musu sunayen.

Abin tambaya a nan shi ne, wane soja ne hukuma ba ta sani ba? Ranar da aka ɗauke shi kurtu a Zariya an rubuta sunansa da na mahaifinsa da garinsu da ƙaramar hukumarsu, an ba shi lamba, an sa ya faɗi magajinsa. Ana kiran lambar nan a fareti kowace safiya. In ya makara an san shi, in ya ɓatar da harsashi guda an san shi, in ya tsere an san ƙofar gidansu. Ranar da ya faɗi a fagen fama ce kaɗai yake zama wanda ba a sani ba. Wannan rashin sani na gangan ne, kuma shi ne abin da muke ƙara a kansa a wannan rubutu.

Cutar ta daɗe, kuma ba mu muka fara ta ba. Rundunar sojan Nijeriya tana danganta asalinta da 'yan tsirarun mutanen da John Glover ya tara a Ikko a 1863, waɗanda aka riƙa kira Hausawan Glover. Irin wannan runduna ce aka kafa a Gwalkwas, wato Gana ta yau, kuma daga cikinta ne aka sami Alhaji Grunshi, wanda tarihi ya nuna shi ne sojan Ingila na farko da ya harba bindiga a Yaƙin Duniya na Farko, a ƙasar Togo, cikin Agusta 1914. Kakanninmu sun yi yaƙi da Jamus a Garwa da dutsen Mora a Kamaru, aka kuma kwashe su a jirgin ruwa zuwa Gabashin Afirka, inda aka yi musu mummunar ɓarna a Mahiwa cikin Oktoba 1917. Tare da masu bindiga akwai dubban 'yan dako da suka ɗauki albarusai da abinci a ka, waɗanda yunwa da zazzaɓi da atuni suka kashe fiye da yadda harsashi ya kashe.

A shekarar 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoton binciken da ta sa aka yi mata. Rahoton ya ce mutum 45,000 zuwa 54,000, akasarinsu 'yan Afirka da Indiya, ba a tuna da su daidai da yadda aka tuna da Turawa ba, kuma aƙalla wasu 116,000, mai yiwuwa ma su kai 350,000, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba. Rahoton ya tono maganar Gwamnan Gwalkwas na 1923, wanda ya nuna wai baƙar fatar ƙasar ba zai gane amfanin dutsen kabari ba. Ministan tsaron Ingila ya tashi a majalisarsu ya nemi gafara. To, Bature ya yi wannan ne don ya raina mu, kuma jikokinsa sun amsa laifi bayan shekara ɗari. Mu da muke yi wa 'ya'yan cikinmu irin wannan, wane uzuri za mu kawo?

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, birged ɗin Nijeriya ce ta shiga Mogadishu cikin Fabrairu 1941, ta ratsa hamada ta fasa mashigin Marda ta isa Harar a ƙasar Habasha. Daga 1943 kuma aka haɗa manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82, aka tura su ƙasar Boma, wadda yau ake kira Miyanma, don su kara da Japan. Kusan mutum 90,000 daga Afirka ta Yamma suka je, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Alamar runduna ta 81 gizo ce. Alamar ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye a kan gammo, kuma gammon nan ba ado ba ne: a dazuzzukan Kaladan da Arakan, inda mota ba ta shiga, da kawunan mutanenmu aka yi jigilar yaƙin. Bataliyoyi uku na Nijeriya sun shiga cikin dakarun Chindit da aka sauke a bayan abokan gaba a 1944. Cikin Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace Myohaung.

Wanda duk ke zaune a Ikko ko Ibadan ko Kaduna yana wuce sunayen waɗannan wurare kullum bai sani ba. Barikin Myohaung da na An da na Marda a Yaba, na Arakan da na Tamandu a Apapa, na Dodan a Ikoyi, na Letmauk a Ibadan, na Dalet a Kaduna, na Chindit a Zariya, duk sunayen filayen daga ne da na rundunonin da jinin mutanenmu ya zuba a cikinsu. Tsayar da ɗalibin jami'a ka tambaye shi ma'anar Dodan, sai ya zaci dodon tatsuniya ake nufi. Mun adana sunan ƙasar da ta sha jinin, mun zubar da sunan mai jinin. Barikin Chari Maigumeri da ke Lokoja, wanda aka sa wa sunan wani samanja ɗan Barno da ya yi yaƙin duniya na farko da na biyu, yana cikin 'yan kaɗan da ke tuna mana cewa ba hafsoshi kaɗai suka yi yaƙi ba.

Malam Sa'adu Zungur ya tarbi waɗanda suka dawo da waƙarsa ta Maraba da Soja. Tarbar hukuma kuwa daban take. Takardun da aka tono daga baya sun nuna cewa a Gabashin Afirka kuɗin sallamar farabiti Bature sule 10 ne a kan kowane wata da ya yi a bakin aiki, na baƙar fata kuwa sule 3 da sisi. A Thiaroye ta ƙasar Sanagal, ranar 1 ga Disamba, 1944, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga Turai suna neman haƙƙinsu. A Ankara ta Gwalkwas, ranar 28 ga Fabrairu, 1948, tsofaffin sojoji suka nufi fadar Gwamna da takardar koke, aka harbe uku daga cikinsu: Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Har gobe 'yan Gana suna kiran sunayen nan uku duk shekara a wurin da suka faɗi. Duk da wannan zalunci, a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai ginshiƙan da aka sassaƙa sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a ga kabarinsu ba, kuma a cikinsu akwai sunayen 'yan Nijeriya birjik. Ke nan wanda ke neman sunan kakansa da ya mutu a Boma a 1944 ya fi samun sauƙi a kan wanda ke neman sunan wansa da ya mutu a Bama a 2014.

Bayan samun mulkin kai ba a sauke wa soja gammo ba. Ya je Kwango daga 1960 zuwa 1964, kuma barikin Bukavu na Kano daga can ya samo suna. Ya je Tanganyika a 1964, ya je Labanan daga 1978, ya je Chadi. Daga Agusta 1990 ya shiga Laberiya a ƙarƙashin ECOMOG, daga nan Saliyo, daga nan Darfur, inda aka kashe 'yan Nijeriya bakwai a harin Haskanita cikin Satumba 2007. Shekara nawa aka yi ana sauke gawawwaki daga Monrobiya da Firitawun, amma har yau babu wani bango a Ikko ko Abuja da ɗan sojan ECOMOG zai je ya ɗora yatsa a kan sunan ubansa. Ranar 26 ga Satumba, 1992, jirgin soja ya faɗi cikin fadama a Ejigbo jim kaɗan da tashinsa daga Ikko, ya hallaka mutum sama da 150, akasarinsu matasan hafsoshi masu karatu a kwalejin Jaji. Matan da suka bari sun shafe shekaru masu yawa suna bin alkawuran da aka yi musu a bakin kabari.

Ita kanta ranar 15 ga Janairu tana ɗauke da nauyi biyu. Da can ranar 11 ga Nuwamba ake bikin, kamar sauran ƙasashen renon Ingila, aka mayar da shi wannan rana domin a cikinta ne Philip Effiong ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan a 1970, yaƙin basasa ya ƙare. A irin wannan rana ce kuma a 1966 aka yi juyin mulkin farko, wanda ya ci Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Akintola da Okotie-Eboh, ya kuma ci manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Birgediya Ademulegun da Kanar Kur Muhammad da Kanar Shodeinde da Largema da Pam da Unegbe. Yaƙin da ya biyo baya ya yi wata 30, kuma har yau ƙasar nan ba ta buga jerin sunayen sojojinta da suka mutu a cikinsa ba, balle na waɗanda suka mutu a ɗaya ɓangaren, balle na yaran da yunwa ta kashe. A gidan tarihin yaƙi na Umuahia an adana motoci masu sulke da jirage da bama-bamai ƙirar gida. Ƙarfe ya sami mai adana shi. Idan da gaske ne an ce babu wanda ya ci babu wanda aka cinye, to sunan yaron da ya fito daga Katsina da na wanda ya fito daga Owerri sun cancanci bango ɗaya.

Sai kuma yaƙin da aka shiga da Boko Haram tun 2009. Idan babban hafsa ya faɗi, akan ji sunansa. Mun san Laftana Kanar Muhammad Abu Ali, wanda aka kashe a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamba, 2016. Mun san Birgediya Janar Dzarma Zirkusu, wanda ya faɗi a Askira Uba cikin Nuwamba 2021. Mun san Laftana Janar Ibrahim Attahiru da abokan tafiyarsa goma da hatsarin jirgi ya ci a Kaduna ranar 21 ga Mayu, 2021. Sun cancanci a san su, Allah ya jiƙansu. To, amma direban da ke tuƙa motar kwamanda fa, da kofur ɗin da ke riƙe da bindiga a bayanta? Da aka afka wa bataliya ta 157 a Metele cikin Nuwamba 2018, sai da aka yi kwanaki hukuma ba ta ce uffan ba, daga baya ta ce mutum 23 aka rasa, alhali kafofin labarai suna cewa sun kai ɗari. Tsakanin 23 da 100 akwai iyaye mata fiye da saba'in waɗanda ba a gaya musu ko su yi zaman makoki ko su ci gaba da jira ba.

Kada wani ya ce abin ba ya yiwuwa. Maƙwabciyarmu Nijar, wadda ba ta kai mu arziki ba, da aka kashe mata sojoji a Inates cikin Disamba 2019 ta fito fili ta ce 71 ne, ta yi makokin kwana uku, shugabanta ya katse tafiyarsa ya dawo gida. Mu kanmu mun gwada mun ga yana yiwuwa. Da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta Jihar Delta ranar 14 ga Maris, 2024, an buga sunayensu da hotunansu daga kwamanda har farabiti, aka yi jana'izarsu a maƙabartar soja ta ƙasa a Abuja, Shugaban Ƙasa ya halarta, aka ba su lambar girma, aka yi wa iyalansu alkawarin gidaje da karatun 'ya'ya. Sama ba ta faɗo ba, runduna ba ta watse ba. Abin da aka yi wa waɗannan 17 shi ne haƙƙin kowane soja da ya faɗi a Sambisa ko tsibiran Tafkin Chadi ko dazukan Zamfara da Neja, har da 'yan sa-kai na Kato da Gora da maharban da ke shiga gaba ba tare da albashin kirki ba.

Daga suna sai haƙƙi. A kan takarda, magajin sojan da ya mutu a bakin aiki yana da kuɗin inshora da garatuti da tallafin karatun 'ya'ya. A zahiri kuwa, mace tana cikin takaba ake fara yi mata maganar ɗakin bariki, domin akwai wani da ke jiran sa. Daga nan ta shiga yawon ofis-ofis da jariri a baya, wannan ya ce takarda ba ta iso ba, wancan ya ce sunan magaji bai dace ba, wani ya ce ta dawo bayan kasafin kuɗi. Waɗanda suka tsira da rai ma ba su tsira da mutunci ba: a watan Janairu na 2022, da kuma Janairu na 2025, tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya suna neman haƙƙinsu, kwanaki kaɗan kafin a je a ajiye furanni da sunansu. Duk shekara ana ƙaddamar da tambarin tunawa, manya su yi alkawarin miliyoyi a gaban kyamara. Wa ya taɓa ganin an buga lissafin abin da aka tara da sunayen marayun da suka amfana? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

In kuwa soja ya buɗe baki, nan take hukuma take tuna lambarsa. A 2008 wasu sojoji da suka dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya suka tare hanya a Akure saboda an riƙe musu alawus, kotun soja ta yanke wa 27 ɗaurin rai da rai a 2009, kafin a sassauta. Cikin Mayu 2014 aka kawo gawawwakin sojojin da aka yi wa kwanton ɓauna a hanyar Chibok zuwa barikin Maimalari, 'yan'uwansu suka harzuƙa suka yi harbi wajen motar kwamandansu, aka yanke wa 12 hukuncin kisa. A watan Disamba na shekarar aka yanke wa wasu 54 irin wannan hukunci saboda sun ƙi fita yaƙi, su kuwa suka ce ba a ba su makamai ba. An mayar da hukuncin ɗaurin shekara goma a ƙarshen 2015, shekarar da aka fara binciken zargin karkatar da sama da dala biliyan 2 na sayen makamai. Ba mu goyon bayan tawaye a cikin runduna, domin soja ba ya tsayuwa sai da biyayya. Amma shari'ar kurtu ta ƙare cikin 'yan watanni, ta masu manyan riguna kuwa ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Wanda ya ci kuɗin harsashi yana da hannu a jinin wanda harsashi ya ƙare wa, ko da shi ne a sahun gaba wajen ajiye furanni.

Mun san hujjojin da za a kawo mana. Za a ce faɗin adadin matattu yana karya gwiwar dakaru, yana ƙarfafa abokan gaba. Abokin gaba ai shi ya yi kisan, ya ƙirga, har ya ɗauki hoto ya watsa a intanet. Sojan da ke ramin tsaro shi ma ya san wanda bai dawo ba, don shi ya ɗauki gawar. Wanda ake ɓoye wa kawai shi ne talakan da ya ba da ɗansa. Abin da ke karya gwiwar soja shi ne ya ga yadda aka yi da matar abokinsa, ya san haka za a yi da tasa. Amurka ta sha kashi a Biyatnam, amma a 1982 ta buɗe bango a Washinton mai ɗauke da sunaye kimanin 58,000, kuma ba a ji rundunarta ta rushe saboda haka ba.

Wasu kuma za su ce, yaya za mu girmama rundunar da ta yi Asaba a 1967, da Odi a 1999, da Zaki Biam a 2001, da Zariya a 2015, da Tudun Biri a 2023? Wannan magana tana da nauyi, kuma ba za mu kauce mata ba. Sai dai a lura, bargon da ake rufe gawar soja da shi, shi ne dai ake rufe laifin soja da shi. Da aka ƙona gidan Fela a Ikko cikin Fabrairu 1977, aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti daga bene, binciken hukuma cewa ya yi sojojin da ba a sani ba ne suka aikata. Hukumar da ta saba cewa ba ta san wanda ya mutu ba, ba za ta sha wahalar cewa ba ta san wanda ya kashe ba. Maganin duka biyun ɗaya ne: a kira suna. A kira sunan wanda ya tsare gari da ransa a yi masa addu'a, a kira sunan wanda ya harbi mai gari a kai shi gaban alƙali. Ta haka ne kaɗai wake ɗaya ba zai ɓata gari ba.

Akwai kuma masu cewa furanni da mutum-mutumi ba al'adarmu ba ce, ba kuma addininmu ba ne. Mun yarda, kuma ba furanni muke roƙo ba. Amma kiyaye suna namu ne tun fil azal. Malaman sira sun jera sunayen shahidan Badar da na Uhudu, har yau yaro a makarantar allo ya san Sayyidina Hamza da Mus'abu ɗan Umairu. Malaman jihadin Shehu Usmanu sun rubuta asarar da aka yi a Tsuntsuwa a 1804, har suka ƙirga mahaddata Alƙur'ani kimanin 200 a cikin waɗanda suka faɗi, ba su ɓoye don gudun karyewar gwiwa ba. A Littafi Mai Tsarki ma an jera jarumawan Dauda da sunayensu da garuruwansu. Kirari da waƙar maza, me suke yi in ba tsare suna ba? Ya kuma zo a hadisi cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Idan shahidi bai tsira daga bashin da ake bin sa ba, ina makomar waɗanda shahidi ke bi bashi?

Mu masu alƙalami ma muna da kaso a cikin aikin. Labarin Isaac Fadoyebo, yaron da ya shiga soja yana ɗan shekara 16, aka harbe shi a bakin kogin Kaladan a 1944, wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi tare da abokinsa David Kagbo ɗan Saliyo wata da watanni, sai da ɗan jaridar Ingila Barnaby Phillips ya bi sawunsa sa'an nan duniya ta ji. Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya rubuta Burma Boy a 2007 daga labaran mahaifinsa, da Turanci. Harshen da aka yi fareti da shi, aka yi waƙar maci da shi, aka yi wasiyya da shi a dajin Boma, Hausa ne, amma littafi nawa muke da su da Hausa a kan wannan yaƙi? 'Yan Boma sun kusa ƙarewa. Waɗanda suka yi yaƙin basasa sun haura saba'in. Kowane ɗalibi da ke neman abin da zai rubuta kundin digiri a kansa, akwai tsohon soja a unguwarsu, akwai matar da ta yi takabar soja a layinsu.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma babu wanda ya fi ƙarfin ƙasar nan a ciki. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta yi doka da za ta tilasta wa Ma'aikatar Tsaro buga suna da muƙami da garin duk sojan da ya mutu a bakin aiki, da zarar an sanar da iyalinsa. A tattara rajistar waɗanda suka faɗi tun daga 1914, a ajiye ta inda kowa zai iya dubawa. Kowace ƙaramar hukuma daga cikin 774 ta rubuta sunayen 'ya'yanta a bangon sakatariyarta, a riƙa karanta su da babbar murya ranar 15 ga Janairu kafin kowane gwamna ya buɗe baki. A sa wa'adin biyan haƙƙin magada, a kuma haramta fitar da iyalin mamaci daga bariki kafin kuɗin ya shiga hannunsu. A buga lissafin kuɗin tambarin tunawa duk shekara. A koya wa yara a makaranta abin da Kaladan da Bukavu da Metele suke nufi.

Masu iya magana sun ce alkawari kaya ne. Ranar da yaro ya ɗaga hannu ya yi rantsuwa a Zariya, alkawari biyu aka ƙulla: shi zai ba da ransa in an bukata, ƙasa kuma za ta riƙe sunansa da iyalinsa. Dubbai sun sauke nasu kayan. Namu yana nan a kanmu, kuma ba a sauke shi da furanni. Allah ya jiƙan mazan jiya da na yau, waɗanda aka ambata da waɗanda aka ɓoye, ya raya marayunsu, ya ba shugabanninmu kunyar da za ta sa su kira kowa da sunansa. Amin.